Inna ta koma Zabarmanci, ni kuma ban iya ba

Baban Khalifa, Ingila:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya daɗe yana cina a rai. Da yawanku kun san ni ɗan Argungu ne, shekarata ta shida ke nan a arewacin Ingila ina aikin jinya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mahaifiyarmu Bazabarma ce, daga wani ƙauye na ƙasar Dosso aka auro ta tun tana yarinya. Mu dai mun tashi Hausa kawai muke ji a bakinta. Sai in 'yan'uwanta sun zo ne suke shigewa ɗaka su yi ta Zabarmanci, mu muna waje muna wasanmu. Iyakar abin da na tsinta "fofo", wato sannu.

Bara gab da azumi ta samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi ta tashi, tana takawa da sanda. Amma tun daga nan Hausarta take ja da baya. Za ta fara gaisuwa da Hausa, kafin minti biyu ta zarce Zabarmanci, ita ba ta ma san ta sauya ba. A wurin aiki na ga irin wannan. Akwai wata tsohuwa da ta yi sama da shekara hamsin a Ingila, da tsufa ya kama ta sai ta koma harshen da aka goye ta da shi, 'ya'yanta suna zaune gefen gado ba su jin ko kalma ɗaya. Na sha tausaya musu, ashe nawa na tafe.

Daren Juma'ar nan na yi kiran bidiyo, ƙanwata ta riƙe mata waya. Ta yi magana mai tsawo, ta tsaya tana kallona tana jiran amsa. Na ce "to Inna". Ta maimaita. Na sake cewa "to". Sai ta kau da kai, ta ture wayar da hannunta mai lafiya. Ban runtsa ba ranar.

Tambayata: mutum mai shekara 41, mai aikin dare, a garin da bai san Bazabarme ko ɗaya ba, ta ina zai fara koyon Zabarmanci? Wanda ya taɓa koyon wani harshen ƙasashenmu yana zaune a waje, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Wallahi sai da na ajiye wayar na share hawaye.

Ɗan Kamba:
Yaya, ka zo Kamba ka yi wata uku kawai. Nan cikin kasuwa Zabarmanci da Dandanci kamar ruwa, ga Gaya nan kusa. Ɗaki na nan gidanmu.

Baban Khalifa, Ingila:
Na gode ƙanena, Allah ya bar zumunci. Hutun da nake iya haɗawa a jere bai wuce mako uku ba, kuma takardar zamana a ɗaure take da aikin. In na ajiye aikin, kuɗin maganin Inna ma ya tsaya.

Alhaji na Aliero, Ghana:
Malam Baban Khalifa, Allah shi ba tsohuwa lahiya. Bari in hwaɗa maka abin da yaf faru da ni. Ni Bakabe na gaba da baya, babu Bazabarme ko guda cikin danginmu. Amma yau in ina Zabarmanci sai ka ce Dosso anka yanke min cibi, alhali ban taɓa kwana ukku a jere Nijar ba. Akra nik koye shi, cikin kasuwar albasa ta Agbogbloshie, tun kahin a tashe mu a maishe mu Adjen Kotoku a 2021. Da yawan masu rumfa da masu sauke buhu Zabarmawa na. Sun iya Hausa sarai, amma in za su yanke farashi tsakaninsu sai su juya harshe, kai kana tsaye da kayanka ana cinikinka ba ka sani ba. Ranar da nig gane an rage min kuɗin mota guda a gabana, ran nan nil lashi takobi.

Akwai wani tsoho mai gadin buhuna. Nic ce mai, Baba, kullum bayan lisha zan kawo shayi da burodi, sharaɗi guda, kada ka yi min Hausa ko ka ga na rasa ta cewa. Da ƙidaya munka fara: afo, ihinka, ihinza, itaaci, igu. Sannan "marje no?", wato nawa ne. Nooru kuɗi, habu kasuwa, hari ruwa. In na tambai abu sai shi nuna da hannu, in ban gane ba shi sake, har in gane ko barci shi kwashe ni kan buhu. Wata shidda ina jin abin da aka cewa, shekara guda ina maida amsa.

Ga ɗaya gehen kuma. Shekarata 19 Ghana, Tonanci, wato Twi, ban wuce "medaase", wato na gode, da gaisuwa ba. Don mi? Don cikin zango, Nima ko Kumasi, Hausa ta ishe ka komi, tun daga limami har mai waake. Babu abin da yam matsa min. Kai kuwa abin da ke matsa maka ya hi kuɗin albasa nauyi. Nemi tsohonka mai gadi, ko ta waya ce.

Abu Sumayya, Jega:
Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Amma zan faɗi abin da wasu ke gani suna shiru. Baban Khalifa, da sallar da ta wuce ka turo mana saƙon muryar Khalifa yana gaishe mu, yaro ɗan shekara tara da kyar ya haɗa "barka da sallah". Gobarar da ke cikin ɗakinka ke nan. Inna an iya samun yarinya Bazabarma ta zauna kusa da ita ta riƙa fassara maka, Argungu ba a rasa su ba. Amma ɗanka in ya wuce shekara goma sha biyu babu Hausa, ya tafi ke nan. Lokacin naka kaɗan ne, ka zuba shi inda zai yi tsiro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Haba Abu Sumayya. Tafinta tsakanin ɗa da uwa? Akwai maganar da uwa ba za ta faɗa a gaban 'yar mutane ba.

Abu Sumayya, Jega:
Hajiya, ban ce abin daɗi ba ne. Na ce mutum mai aikin dare ba ya korar zomo biyu.

Baban Khalifa, Ingila:
Abu Sumayya, maganarka ta yi zafi amma ban ga ƙarya a cikinta ba. Laifinmu ne ni da mamansa, in ya amsa da Turanci muna barinsa don a wuce wurin. Sai dai Khalifa yana da shekaru a gaba in Allah ya so. Inna ta haura saba'in.

Malam mai koyar da Hausa, Birnin Kebbi:
Ina ganin an haɗa abubuwa biyu da nauyinsu ba ɗaya ba. Wanda ke son koya wa ɗansa Hausa a Ingila yana cikin wadata. Hausa na da babban ƙamus tun na Bargery na 1934, BBC na watsa shiri da ita tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, an daɗe ana karantar da ita a jami'ar SOAS ta Landan da jami'o'in Hamburg da Warsaw, ga finafinai da wa'azi cike da intanet. Abin da ya rage wa Khalifa shi ne iyayensa su daina amsa masa in ya yi Turanci. Wannan ba ya cin awa ɗaya daga lokacin babansa.

Zabarmanci ne ke buƙatar dabara. Ba dangin Hausa ba ne. Hausa na cikin harsunan Cadi, shi kuwa ɗan gidan Songhai ne, tare da Dandanci da harshen mutanen Gao da Timbuktu. Saboda haka kada ka zaci za ka riƙa cankar ma'ana. Amma kana da jari biyu da Bature mai koyo ba shi da su. Na farko kunne: Bahaushe ya saba da karin sauti da tsawon wasali, ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo ba tare da an rubuta masa ba, kuma Zabarmanci ma da karin sauti yake tafiya. Na biyu, zaman tare ya sa kalmomi da yawa sun yi kama, balle na addini da na zamani. Likita lokotoro, hankali laakal.

Ga wani sauƙin: babu jinsi. Kalmar "a" ita ce shi, ita ce ita. Aikatau kuma ba ya sauya siffa, ƙananan kalmomi ake sa masa a gaba. Ay kaa, na zo. Ay ga kaa, zan zo. Ay man kaa, ban zo ba. Ay si kaa, ba zan zo ba. In ka riƙe waɗannan huɗun, duk aikatau ɗin da ka tsinta sai ka zuba shi cikinsu.

Littafi kuwa, 'yan sa-kai na Amurka da ake kira Peace Corps sun yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, kuma darussan Zabarmanci da ƙamus da aka shirya musu suna yawo a intanet da Turanci. Ka sauke su, amma ka ɗauke su a matsayin sanda, ba ƙafa ba. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, in ka haddace daga takarda kaɗai Inna za ta ji kamar ana karanta mata wasiƙa.

Hajiya 'yar Zuru, Amurka:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, yau dole. Ɗan'uwa, ni ina cikin wannan jirgin shekara uku ke nan. Mu Lelna ne, waɗanda kuke ce wa Dakarkari. Babanmu soja ne, a bariki muka tashi, daga Kaduna zuwa Jos, Hausa da Turanci kawai. In mun je gida lokacin bikin Uhola kakarmu ta yi mana harshenmu C'lela sai mu yi ta murmushi. Ta rasu ban taɓa hira da ita ba, ko sau ɗaya.

Sai da na zo Amurka, wata abokiyar aiki ta tambaye ni harshenmu, na ce Hausa, ta ce to ke Bahaushiya ce, na ce a'a, na kasa yi mata bayani. Daren nan na kira ƙanwar babanmu a Zuru. Yanzu duk Lahadi muna awa ɗaya, ni nake sa mata data. Ga yadda muke yi: cikin mako ina ɗaukar hoton abin da ke gabana, tukunya, tsintsiya, wuta, ƙafar ɗiyata, in tura mata. Ita kuma ta aiko da saƙon murya, sunan abin da jimla ɗaya a kansa. Ina saurare a mota, in maimaita, in tura mata nawa, ta gyara. Kada ka nemi malamin makaranta. Nemi mace mai haƙuri wadda ba ta gajiya da maimaici, kuma ka riƙa yi mata alheri a kai a kai, don lokacinta kake ci.

Abu Sumayya kuma, da girmamawa, kai ba ka san wannan ciwon ba. Duk inda ka shiga a Arewa harshenka na jiranka. Mu namu Hausa ce ta shanye shi muna kallo.

Abu Sumayya, Jega:
Hajiya, Hausa ba ta bi kowa gida da bulala ba. Kasuwa ce da aure da makwabtaka. Babanki da kansa ya zaɓi ya yi muku Hausa.

Hajiya 'yar Zuru, Amurka:
Ya zaɓa ne don a bariki da makaranta wanda ya yi yarensa sunansa bagidaje. Zaɓin da aka yi don gudun dariya ba zaɓi ba ne.

Ɗan Yauri:
Maganar Hajiya haka take. Ku zo ku ga Gungawa. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya ci tsibirai aka tashi mutane, aka cakuɗa da gari. Yau sai ka samu gidan da kaka ke jin harshensu Reshe, uba na ji ba ya mayarwa, jika bai san ma akwai shi ba.

Mai kula da zaure:
Jama'a a yi hattara, kada mu mai da neman shawarar bawan Allah rigimar ƙabila. Kowa ya faɗi abin da zai amfane shi.

Gwaggo, Argungu (saƙon murya ne, 'yarta ta rubuta):
Ɗana, ni ce ta gidan bayan masallaci, ka gane ni. Ina nan aka kawo Innarku amarya, ba ta jin ko "zo". Bari in gaya maka abin da ba ta gaya muku ba. Da ta fara Hausa sai ta riƙa cewa "maigida ta dawo", "Gwaggo ya zo". Matan gida su kwashe da dariya, yara su bi ta rijiya suna kwaikwayonta. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini. Wata rana na iske ta bayan ɗaki tana kuka da cikin yayanku, ta ce mini ita dai abin da za ta haifa ba za a yi masa wannan dariyar ba. Shi ya sa ba ta taɓa yi muku ba. Amma in tana daka ita kaɗai, ko tana lallashin ɗayanku cikin dare, da harshensu take waƙa, ta katanga nake ji. Kai ma an yi maka. Yana nan cikin kunnenka, ba baƙonka ba ne. Ka koya ɗana, ko gaisuwa ce.

Abu Sumayya, Jega:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Ban san wannan ba. Ina nan kan bakana game da Khalifa, amma maganar tafinta na janye ta.

Ɗan Gaya, Nijar:
Salamu alaikum. Ni uwata Bazabarma, ubana Badande, Hausa kuma a kasuwa da makarantar allo. Abu na farko, yayana: tun da Inna 'yar ƙasar Dosso ce, ka nemi mai Zabarmancin Dosso. Dandancin da muke yi a Gaya da Kamba da Malanville ɗan'uwansa ne, ana fahimtar juna, amma akwai bambancin kalmomi da lafazi, kuma tsoho mai ciwo harshen ƙauyensu yake so ya ji. Na biyu, ka cika kunnenka. Gidan rediyon ƙasa, Voix du Sahel, na labarai da Zabarmanci, haka Studio Kalangou na Yamai, ana samun shirye-shiryensu a intanet. Dabarar ita ce ka fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ka ji na Zabarmanci, tun da ka riga ka san abin da ya faru sai kalmomin su riƙa faɗo maka da kansu.

Abin da Hajiya ta faɗa mu ma yana gabanmu. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin soja ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Turanci harsunan aiki. Hausawa sun yi murna, amma na zauna da dangin uwata na ji yadda abin ya sauka a ransu. Ni ban ga dalilin da zai sa mu yi kishi da juna ba. Lokacin da Yakubu Nabame na Kabi ya tashi da tawaye a 1849, Kabawa da Zabarmawa da Arawa da Dandawa sahu ɗaya suka tsaya. Fataken goro da ke tashi daga Jega su bi ta Illo da Djougou zuwa Gwanja, da Dandanci suke ciniki a zangunan Borgu, ba su ga kasawa a ciki ba. Kakanninmu harshe uku huɗu suke ɗauke da shi.

Ga abin da za ka fara da shi gobe da safe. Mate ni kani, ina kwana. Za ta ce baani samay, lafiya lau. Mate gaham, yaya jiki. In za ku rabu, kala suba, sai gobe. Uwa kuma nya, ay nya, uwata. Zan tura maka muryata ta akwatinka ka ji yadda ake faɗa. Kuma akwai ƙanwar mahaifiyata a Dosso, ta yi ritaya daga koyarwa, tana da WhatsApp, na yi mata magana yanzu ta ce ka kira.

Malam mai koyar da Hausa, Birnin Kebbi:
Madalla. Ƙari ɗaya: ka nemi izinin ƙanwarka ka riƙa naɗar hirarku da Inna. Abin da take maimaitawa shi ne darasinka na farko, ba abin da littafi ya tsara ba. Tsofaffi masu irin wannan lalura sukan yi ta zagaye kan magana ƙwaya biyu uku da ke damunsu.

Alhaji na Aliero, Ghana:
Kuma ka sa Khalifa kusa in kana koyo. Yaro in yag ga ubanai na tuntuɓe cikin harshe bai ji kunya ba, shi ma sai ya saki baki.

Baban Khalifa, Ingila:
Jama'a, kwana huɗu ke nan, ga yadda ake ciki. Na yi zama biyu da Malama ta Dosso, ƙarfe tara na safe in na sauko daga aiki, kafin in kwanta. Yanzu da muke lokacin zafi agogonmu ɗaya da na gida, abin ya zo da sauƙi. Ta sa na maimaita "mate ni kani" ya fi sau ashirin, ta ce ina jan ƙarshen kamar mai tambaya da Turanci.

Yau na kira. Na ce, ay nya, mate ni kani. Ta yi shiru, ta matso da fuskarta har goshinta ya cika wayar. Ta ce baani samay. Na ce mate gaham. Sai ta kama dariya tana kuka, ta kira ƙanwata tana nuna ni, ta ɓarke da magana, ni kuwa kayana sun ƙare. Amma wannan karon na naɗa. Gwaggo, na ji saƙonki sau uku, ban iya ba ki amsa ba tukuna.

Akwai jimlar da ta yi ta maimaitawa, kuma na tabbata ita ce ta daren Juma'a. Ga yadda kunnena ya kama ta: "ay izo, wati fo no ni ga ka". Wa zai taimaka?

Ɗan Gaya, Nijar:
Ay izo, waati fo no ni ga kaa. Cewa take, ɗana, yaushe za ka zo.

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Allahu akbar. Shi ne kake ce mata "to".

Baban Khalifa, Ingila:
Na rubuta takardar neman hutu yanzu, zan miƙa in na shiga aiki da dare. Ɗan Gaya, yaya zan ce mata zan zo da babbar sallah, ni da Khalifa? Ka turo da murya, a hankali, ina so in faɗa mata da bakina gobe da safe.